Zakaran Iya Tabawa

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan hanyar Gumel,
ni da gungume mai ƙusoshi da bindigar da ba ta tashi.
Ranar Alhamis, in motocin shanu sun taso daga Maigatari,
hannuna ya riga bakina isa taga.
Direba ya dunƙule ɗari biyu, ni in dunƙule kunya,
mu rabu ba wanda ya dubi idon wani.

Sai aka turo mana Sufeto Garzali.
A kan acaɓa ya zo, da jaka ɗaya da buta.
Mun jeru muna jiran jawabi,
shi kuwa makullin ɗakin tsare mutane ya tambaya.
Ya shiga, ya ja ƙofa,
ya zauna tun daga azahar har la'asar.
Da ya fito, zufa ta jiƙa masa kaki, ya ce,
"Kofur Ilu, a nan muke ajiye ɗan Adam?"
Bai jira amsa ba, ya ɗauki bokiti.

Saje Hudu ya raɗa mini,
"Ƙyale shi, bari albashi ya makara.
Ka taɓa ganin kura ta kai azumi magariba?"

Kakar riɗi ce.
Aka kamo jikan Iya Tabawa kan rigimar iyakar gona.
Ta zo da jan zakara, an ɗaure ƙafarsa da tsumma,
ta wuce ta ƙarƙashin allon da ya ce beli kyauta ne.
Ba ta iya karatu ba.
Ni na iya.
Na karɓa, na kife shi da kwando a bayan ofis.

Zakara bai san sirri ba.
Ya yi cara tsakar rana.

Na jira tsawa, na jira takardar tuhuma.
Sufeto ya kwance tsumman, ya sa zakara a hammata,
ya ce, "Raka ni."
Mil uku muka taka cikin karan dawa,
shi a gaba, ni ina ƙirga ƙaya.
A ƙofar gidanta ya cire hula, ya durƙusa,
ya ce, "Iya, mun yi kuskure."

Mun.
Shi da bai taɓa ko gashin zakaran da nufin ci ba.
Da mari ya yi mini, da tuni na warke.

A hanyar dawowa bai yi wa'azi ba.
Ya tambayi 'ya'yana nawa,
da nawa mai shago ke bina.
Daren nan na ga fitilarsa har asuba,
yana rubuta wa manya kan alawus ɗinmu na wata bakwai.
Uku suka biya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Hudu ya nemi canjin wurin aiki, ya samu.
Wani mai babbar riga ya zo da ambulan, ya koma da ita,
ya bar mana alkawarin za mu gani.
Har yau albashi kan mutu ran sha biyar ga wata,
har yau tafin hannuna kan yi ƙaiƙayi ranar Alhamis.
Sai in tura shi aljihu, in riƙe shi kamar ɓarawo.

Makon jiya wani direba ya miƙo ɗari biyu.
Na girgiza kai.
Ya zaci raini ne, ya ƙara ɗari.
Na yi dariya har idona ya kawo ruwa,
ya tafi yana waiwaye kamar ya ga aljani.

Da can 'yata Rashida a bayan ɗaki take shanya kakina.
Jiya na dawo, na same shi a igiyar ƙofar gida,
yana ɗiga, kowa na gani.

An ce za a ɗauke Sufeto bayan salla.
Wataƙila.
Bokitin dai yana nan,
kuma na san hanyar gidan Iya Tabawa.