Masu Aikin Dare

Shekara ashirin ina dako a Tudun Hatsi,
masara a wuya, wake a kafaɗa,
in tashi da malmala huɗu da miyar kuka,
in kora da fura, in miƙe kamar gora.
Yau shekara shida ke nan ina zaune,
ni ne mai sikelin Alhaji Bappayo,
biro a kunne, littafi a cinya.
Buhu ya sauka daga wuyana,
malmala huɗu ba ta sauka daga kwanona ba.

Taguwa ce ta fara kai ƙara,
gwiwa ta ba da shaida a raka'a ta biyu.

Ran Talata na je asibiti.
Malama Hansatu, wata siririya 'yar Kumo,
ta ɗora ni a kan sikeli,
ni da nake ɗora kayan mutane.
Allura ta wuce casa'in, ta yi rawa, ta tsaya a huɗu.
Na ce, kilo shida ya rage in cika buhu.
Ba ta yi dariya ba.

Ta tambayi shekaruna, ta jingina ni da bango,
ta danna waya, ta ɗago:
"Baba Sale, ko ka kwanta daga asuba zuwa asuba,
ko ƙuda ba ka kora ba,
jikinka zai ci kalori wajen dubu da ɗari bakwai."

Na ce, wa ke ci, ni ina barci?

Ta ce, "Masu aikin dare.
Zuciya ba ta san hutun Sallah ba.
Huhu na ta zuga kamar yaron maƙera,
hanta na tankaɗe, ƙoda na tacewa,
ƙwaƙwalwa ko a mafarki sai an biya ta.
Ka san garwashin da ake binnewa a toka?
Ba harshe, ba hayaƙi,
amma da safe ka duba guntun iccen.

Sai zamanka a benci, da zuwa masallaci,
da musun da kake yi da dillalai,
mu ce ɗari biyar a kai.
Mudunka ke nan na yini.
Abin da ya yi tozo, jiki ba ya zubarwa,
rumbu yake ginawa.
Ga shi nan ka shigo da shi a gaba."

Na ce, to daga yau na bar tuwo,
ruwa da goro sun ishe ni.

Ta ajiye biro.
"In ka hana murhu icce, wuta ba ta mutuwa,
rowa take koya, ta yi ƙasa-ƙasa.
Tsoka ce za ta fara kama hanya,
ita ce kuwa babbar mai cin iccen.
Cire malmala ɗaya tukuna.
Shayin Manga, cokali guda ya isa.
Zogale ya fi shinkafa yawa a faranti.
Kuma ɗan acaɓa ba ɗan'uwanka ba ne,
tako daga Pantami da ƙafarka."

Sati uku ke nan.
Takalmi ya ci ƙasa, Manga ya yi fushi,
Dudu ta ce ko miyarta ce ta canza.
Jiya na ɗaga rabin buhu, don in gani,
bayana ya tuna, ya kuma yi mini gargaɗi.

Daren jiya an ɗauke wuta,
fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit.
Na ɗora tafi a ƙirji, na kasa kunne.
Suna nan, suna ta yi,
shekara hamsin da huɗu ba fashi,
ban taɓa ce musu sannu ba.
Na auna hatsin rabin Gombe,
nawa mudun sai wata yarinya ta nuna mini.

Dudu ta juya, ta ce, "Da wa kake magana?"
Na ce, da ma'aikata.
Ta ce, "Kwanta, akwai ɗumame da safe."
Na ce, ɗaya za ki sa.