Kuskure Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ƙarfe uku na yamma a Oulu, rana ta riga ta naɗe tabarmarta,
ƙanƙara ta toshe bakin taga kamar auduga a kunne.
Veikko na hawan ƙasa ya hauro da na'urarsa a hammata,
ya ajiye ta gefen kofina, a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri.
"Tuulikki, ta yi shiru," in ji shi.
Shekara sha tara allurorinta na tasowa ƙarƙashin yatsunsa,
su karanta masa wasiƙa, da kuɗin wuta, da sunan magani.
Jiya aka sabunta masa manhajar kwamfuta.
Yau ita da na'ura ko ga maciji.

Na buɗe direba. Ba mai sitiyari ba,
rubutu ne da ke tsaye tsakanin ƙarfe da ƙarfe
yana gaya wa wannan abin da wancan ke nufi.
Na miƙa shi gaban kwamfaila,
alƙalin da bai san sani ko sabo ba,
ba a ce masa "ai ka gane nufina."
Ya watsa mini ja a fuska:
kuskure ɗari biyu da sha ɗaya.

Ko gezau. Na san halinsa.
In ya yi ihu ɗari biyu, na farkon ne magana,
sauran 'yan amshin shata ne.
Layi na tamanin da bakwai: an kira wani aiki da tsohon sunansa,
shi kuwa ya daina amsa shi tun bara waccan.
Da kaya uku yake karɓa, yanzu biyu.
Na sauke masa ɗaya.
Saura sittin da huɗu.

Kofi ya huce. Motar kwashe ƙanƙara ta wuce, ta dawo.
Wani manuni na nuna ɗakin da aka rushe.
Wani baka an buɗe shi, ba a rufe ba,
duk abin da ya biyo baya ya afka ciki.
Saura tara.
Saura arba'in, don ni ma na ci waƙafi mai ruwa guda
garin gaggawa. Na zagi kaina da harshen kakata.
Saura biyu.

A nan na ci karo da Aulis.
Ban taɓa ganinsa ba, sunansa kawai ke saman fayil
da adireshin da ba ya amsa saƙo.
Ya bar wata 'yar magana a gefen layi:
"A ɗan dakata a nan. Kar ka tambaye ni dalili."
Alƙali na gunaguni a kan dakatawar,
sai na share ta, ina jin kaina gwana.

Allo ya yi fes. Ba ja, ba rawaya.
Na jona waya. Na kira Veikko.
Ya ɗora yatsu, ya jira, ya karkata kai.
Ba allurar da ta motsa.

Ashe alƙali nahawu yake dubawa.
Bai san tsohon ƙarfe na bukatar numfashi
kafin ya amsa sallama ba.

Na mayar wa Aulis dakatawarsa,
na ɗinka mata rigar da sabon tsari zai yarda da ita.
Ƙarfe ɗaya saura na dare
wani ƙas-ƙas ya taso, kamar gero a faranti.
Yatsan Veikko ya bi layi, ya tsaya, ya koma farko.
"Likitan haƙori," ya ce, "ran Talata."
Ya yi dariya har da tari.

Da ya sauka, na koma gefen layin nan,
ƙarƙashin maganar Aulis na rubuta:
"Na tambaya. Ka bar ta."