Motsi Huɗu

An gama ɗinki ƙarfe biyu saura kwata.
Likitan fiɗa ya tuɓe safar hannu ya fita,
ya bar ni da Eleuterio Garza,
direban tirela, kilo ɗari da arba'in da ɗaya,
wuya kamar turmi,
da bututun da na zura masa a maƙogwaro tun hantsi.

Ni na kwantar da namansa.
Allura ɗaya, kowace tsoka ta ajiye aiki,
har wadda ke jawo masa iska.
Inji ya karɓi wahalar ƙirjinsa.
Aro na yi, sai na mayar.

A baranda matarsa Casilda
na rungume da na'urar barcinsa cikin jakar cefane.
Da safe ta riƙe mini hannun riga:
"Minsharinsa bai taɓa hana ni barci ba, likita.
Shirun ne. Shekara goma sha tara ina ƙirga shi.
In ya kai ashirin sai in zungure shi da gwiwar hannu."

A nan babu mai zunguri.
Waya biyu ce a wuyan hannunsa.
Na danna, lantarki ya yi sallama sau huɗu,
babban yatsa ya amsa biyu, a kunyace.

Na zuƙo makari, na auna da nauyinsa na sikeli,
ba wanda ya faɗa wa akawu ba.
Na tura. Na ɗaga kan gadon.
Ta taga dutsen Monterrey mai siffar sirdi
yana shan rana, ban ba shi ido ba.

Yaretzi ta ce, "Ya motsa kafaɗa, a cire?"
Na ce kafaɗa ba shaida ba ce.
Harshe nake tsoro, wanda ke zamewa baya
ya rufe ƙofa, ba tari ba ƙara.
Ragowar magani, ko ta kai ƙwayar gero,
a maƙogwaro irin nasa ta isa.

Na sake sallama.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
na huɗun da ƙarfin na farkon.

"Eleuterio. Buɗe ido. Matse mini hannu."
Ya matse har yatsuna suka yi ƙas.
Na zare bututun.

Ya yi tari, ya ja iska da kansa,
mai kaushi, irin ta tsohuwar mota a hawan tudu.
Sai shiru.
Na kama ƙirga, kamar Casilda.
Ban kai uku ba ya sake ja.

"A kira matarsa.
Ku ce ta shigo da jakar."