Ƙirga a Tudun Sanetti

Kafin rana ta leƙo Sanetti
ƙanƙara ta riga ta kwanta kan ciyawa.
Na ɗaura wa goɗiyata sirdi,
littafi a ƙirji, fensir a bakin hula,
don tawada a nan daskarewa take.
Numfashi ma awo-awo ake samunsa
kamar gishiri a shekarar tsada.

Aikina ƙirga.
Mahaifina Gammada shanu ya ƙirga har ya tsufa,
ni jajayen kyarketai aka ba ni.
Yakan yi dariya: Dirribe, wa ke tatsar su?

Ga su can, a fili suka kwana,
ba kogo, ba rumfa,
kowa ya naɗe kamar gammo,
hanci a ƙarƙashin wutsiya,
farin sanyi a gadon baya.
Su miƙe, su gaisa, su lashi juna,
sannan kowa ya kama gabansa,
don abin da tudun nan ke bayarwa
loma ce, ba ta kai a raba ba.

Lomar kuwa wani ƙaton ɓeran ƙasa ne
wanda idanunsa suka hau saman kai
don ya duba sama tun bai fito ba.
Da la'asar yakan toshe ƙofarsa da turɓaya
ya bar dare da sanyinsa a waje.
Saboda shi bakin kyarkeci ya yi tsini,
saboda kyarkeci shi ya koyi noƙewa.
Kowa ya ƙera ɗan'uwansa,
ba maƙera, ba zugazugi.

Lobeliya, doguwa kamar mai gadi,
ba ta yar da busasshen ganyenta,
da shi take rufa, tsumma ma riga ne.
Shekaru tana tara ƙarfi,
ta yi fure sau ɗaya, ta mutu a tsaye.
Ungulu mai gemu ba ruwanta da tsoka:
ƙashi take ɗauka ta saki kan falalen dutse,
ta sauko ta sha ɓargo.
Na taɓa ganin Mai Yagaggen Kunne
tana lasar zaƙin wani jan fure
har bakinta ya yi rawaya
kamar yarinyar da ta saci zuma.
Ban san layin da zan rubuta wannan ba.

Bara goma sha ɗaya na rubuta a kwarin nan.
Bana huɗu.

Ba maharbi ba ne, ba tarko.
Karenmu ne, Gurracha,
da ya yi gadin garke shekara shida.
Ya biyo shanu sama, yawu na zuba,
ya ciji iska, ya ciji dutse,
ya ciji abin da ya tarar.
Mai Yagaggen Kunne a bakin tafki na same ta,
dinyoyi masu shuɗin fiffike na kiwo gefenta
kamar ba a yi komai ba.

Ranar da masu allura suka iso ƙauyenmu
Baba ne ya fara fita,
igiya a hannu, kwikwiyo biyu a buhu,
ya bi gida-gida yana buga ƙyaure.
Bai ce mini uffan ba.
Da dare dai, muna jin wuta,
ya tambaya: saura nawa?

Gonakin sha'ir na hawowa kowace shekara,
ɗumi na biye da su,
na sama kuma sai ƙara matsawa sama suke.
To, bayan Tullu Dimtu ina za su?
Daga nan sai gajimare,
kuma ban ga mai ƙafa huɗu da ya taka shi ba.

Yau da hantsi, a bakin wani tsagin dutse,
kunnuwa biyu. A'a, shida.
Uwar ta yi nisa, wata goggo ce ke gadi,
ta sunkuya ta amayo musu abin da ta farauto.
Hannuna na rawa, wataƙila sanyi ne.
Fensir ya karye.
Na feƙe shi da haƙori,
na rubuta bakwai,
na sake ƙirgawa, kada in yi wa dutse ƙarya.