Uku da Minti Goma Sha Biyu

Uku da minti goma sha biyu.
Nan ya tsaya tun ina 'yar firamare,
agogon gaban Fijon Baba,
kat-san-kat mai launin ruwan toka
wadda ta fi ni sanin hanyar Mirya.

Bara da gado ya miƙo min makullinta
na sake mata tayoyi, na sayi batir.
Barma ya kwana biyu ƙarƙashinta a garejin Zango,
ta tashi da tari, amma dai ta tashi.
Agogo kuwa ko gezau.

Na ɓamɓare shi da bakin wuƙa,
na ƙulle a gefen mayafi,
na kai wa Kalla a bakin Kasuwar Dole.
Ya ɗora gilashi a ido guda,
ya buɗe, ya hura, ya kara a kunne.
Ya ce, "Hajiya, riƙe jakarki.
Wannan ba ciwo gare shi ba.
Dubi wayar: yanke ta aka yi,
aka naɗe bakin da zare, a natse.
Mai wannan aiki ya yi niyyar dawowa."

Da dare na tambayi Inna.
Ta yi dariya har ta sa haɓar zane a ido.
"Shekarar da albashi ya yi wata biyar bai zo ba,
mota na kwance gindin dogonyaro,
babu na esansi,
shi kuma wannan yana ta cin batir, tik, tik,
kamar ɗan baƙon da bai san an yi fari ba.
Sai babanki ya ce, to, shi ma lokaci ya jira albashi."

Albashin ya zo.
Buhun hatsi ya cinye, kuɗin makarantarmu ya cinye,
waya ta zauna da zarenta.

Kalla ya ce in haɗa, in murɗa hannun ya kamo zamani.
Ban murɗa ba.
Na ja motar zuwa inuwar duwatsun Birni,
na kashe inji, na kwance zaren Baba,
na zauna da bakin waya biyu a yatsuna,
gumi na bin wuyana,
ina duban agogon hannu.

Uku da goma.
Uku da sha ɗaya.
Wata akuya ta leƙo ta taga.

Na haɗa.