Kafar Allura

A Ƙofar Gayan, a zauren Malam Barau,
inda haske ke shigowa ta ƙofa ɗaya,
nan aka kai ni ina ɗan shekara tara.

Bai tambayi sunana ba. Ya miƙo zare,
ya ce, "Zura."
Na yi ta lasar bakin zare har azahar,
kafar ta ƙi ni, shi ko bai ɗago ba,
yana ta bin aska takwas da allura.

Wata uku riga guda take a cinyarsa.
Ran da na karkace tambari da ɗan kaɗan,
aikin kwana goma ya sa na warware.
Na ce, "Wa zai gani?" Ya ce, "Kai ka gani.
Zauna ka koma inda ka fara."

Sai injuna suka sauka Sabon Gari,
masu kai goma sha biyu, masu cin lantarki.
Abin da ke cinye mana damina guda
kafin la'asar sun gama, sun ƙara.

Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa.
Mu bakwai ne a tabarma. Sambo ya tafi,
Tukur ya sayar da almakashinsa,
ni ma na karɓi babur na haya,
Kwangila zuwa Samaru, Samaru zuwa Kwangila,
ina haɗiyar hayaƙi, ina tofar da ƙura.

Shekara shida. In na zo saitin zauren
sai in murɗa wuta, kar mu haɗa ido.
Da wutsiyar ido dai nakan hango shi:
tabarau ɗaure da zare, baya a tanƙware,
shi kaɗai, sai 'yar rediyo mai ƙara.

An ce ya sayar da tunkiya ya sayi zare.
An ce ƙosan Hansatu ne ke riƙe da gidan.
An ce dillali ya kwashi riguna huɗu
ya nufi Ikko, an gaji da kira.

Ran da mai babur ya karɓe makullinsa,
ƙafa ta kai ni inda kunya ta hana.
Na tarar da baƙi biyu daga Yamai
sun juya riga suna duba cikinta,
don bayan ɗinki shi ke tona asiri:
na inji sumul, na hannu ƙulli-ƙulli,
kowane ƙulli da ranar da aka ɗaura.

Suka ajiye kuɗin riga biyar, suka fita.
Na tuɓe takalmi, bakina ya yi nauyi.
Bai ce "ina ka shiga" ba, bai yi wa'azi ba,
ya matsa gefe, ya miƙo zare:
"Idon ya yi rauni. Zura."

Yau yara sha ɗaya ke kan tabarmar.
Mun yi rufin kwano, ni ke riƙe da littafi.
Ba mu yi kuɗin da za a yi mana kirari ba,
amma tukunya ba ta kwana da sanyi,
kuma akwai aikin baɗi a ƙugiya, da saura.

Dillalin Ikko bai dawo ba har yau.
Na ɗauki biro zan soke sunansa,
Malam ya riƙe mini hannu, yana dariya:
"Bar shi nan, ɗana.
Tawada ba ta gajiya da jira."