Daren Farko a La Paz

Na sayar da babur, na sayar da firji,
abin da ya rage ya shige jaka ɗaya,
har da allura da zare.

La Paz ta tarbe ni da ƙwace numfashi.
Matakala goma sha bakwai zuwa masauki,
na huta sau uku, kamar mai dakon turmi.

Gadaje takwas, baƙi takwas,
kowa na munshari da yarensa.
Fasfo a cikin safa, safa ƙarƙashin kai.

Eusebia mai masaukin ta dubi leɓena,
ta miƙo ruwan ganye mai zafi, ba ta ce uffan ba.
Na laluba aljihu. Ta ture hannuna.

Tsakar dare na sake ƙirga guzuri:
wata tara, in na jure dankali
ina kwana a motar dare.
Wata bakwai, in zan faɗa wa kaina gaskiya.

Da asuba tsaunin Illimani ya leƙo ta taga, fari fat.
Shi dai kallonsa kyauta ne.
Na ja igiyar takalmi, ta hagu ta tsinke.
Na ƙulla.